Baba Habibu na Maje, Wanda Bai Yarda Lokaci Ya Ƙure Mana Ba

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Habibu Ɗanladi Maje, wanda mu 'yan haya da yaran unguwa muke kira Baba. Ya dawo daga gona ya ce kansa na sara masa, ya kishingiɗa a baranda, ba a kai ga ƙofar asibiti da shi ba rai ya yi halinsa. Ni ina kasuwar Suleja a lokacin. Da na dawo na hango takalma birjik a ƙofar gida, na ji muryar matarsa Inna Tayyiba tana salati, sai na ajiye kayan cefane a ƙasa, don na san abin da ya faru tun kafin a faɗa mini. An yi jana'izarsa bayan la'asar.

Sunana Esta, malamar firamare ce ni, haifaffiyar Wusasa. Ni da mijina Barnabas da 'ya'yanmu mun fi shekara goma muna haya a gidansa. Ba addininmu ɗaya ba, ba mu haɗa dangi ba, amma ban san wani mutum da ya tsaya mana a duniyar nan kamar yadda ya tsaya ba. Shi ya sa na ga idan na yi shiru na ci amanar abin da idona ya gani.

Baba, ranar da muka zo neman ɗaki, kana zaune a gindin mangwaro kana gyara ƙotar fartanya, ka danne ta da ƙafa kana sassaƙa da hannun hagu. Hannun rigarka na dama a naɗe yake, an soke shi da allura a kafaɗa. Barnabas ya sunkuya zai riƙe maka, ka ɗago ka dube shi, ka ce ɗaki ya zo nema ko aiki? Daga ranar muka gane cewa ba a taimaka maka sai ka nema, kuma ba ka cika nema ba. Da hannun nan ɗaya kake tada kunyar doya. Da shi kake ɗaure buhu, kana jan igiyar da haƙori. Duk shekara idan sabuwar doya ta fito, sai ka bi ƙofar kowane ɗan haya ka ajiye masa nasa kafin a kai ko ɗaya kasuwa.

Ba zan ce ba ka da faɗa ba. Yaran da suka bar famfo na zuba sun san muryarka. Masu sayen filaye da suka cinye gonakin Maje suka mai da su rukunin gidaje su ma sun san ta, don sun yi ta zarya a kan gonarka ta bakin rafi har suka gaji. Yau gidajen bene sun kewaye ta ta ko'ina, dawarka na tsaye a tsakiyarsu. Kuma kana da taurin kai, Baba. Inna Tayyiba ta sha kawo mini ƙararka a kan maganin hawan jini da kake sha ranar da ka ga dama.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami Barnabas.

Mijina yana aiki ne a wani kamfanin fasa dutse da ke kan hanyar Abuja, shi ke gyaran injuna. Wata rana yana kwance ƙarƙashin wani inji, ƙarfen da aka tokare shi da shi ya goce, injin ya sauko masa a ƙugu. Ya daɗe a asibiti. Da aka sallamo shi yana iya miƙewa da sanduna biyu, ya ɗan taka kaɗan, sai ƙafafun su ƙi. Wannan kowa ya gani. Abin da ba wanda ya sani sai ni da shi, tun daga ranar hatsarin ba ya iya riƙe fitsari, wani lokaci har da abin da ya fi shi. Mutum ne mai tsafta da ji da kai, mawaƙi a coci, wanda ba ya fita sai da guga a rigarsa. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ko mahaifiyarsa.

Kamfanin yana zuba wa ma'aikatansa kuɗi a wani asusun inshora, wanda ke biyan diyya ga wanda ya naƙasa a bakin aiki. Suka kira shi likitansu ya duba shi. Ranar da za a je, tun dare ya ƙi shan ruwa, ya saka kwat ɗin da yake zuwa sujada da ita. Likitan ya ce ya tashi, ya ciji leɓe ya tashi. Ya ce ya taka, ya taka. Ya tambaye shi ko akwai wata matsala bayan ciwon baya, akwai wata nas a tsaye a ɗakin, sai ya ce babu. Ba da daɗewa ba hukuncinsu ya fito: raunin mai sauƙi ne, zai iya komawa aiki, za a ba shi ɗan wani abu sau ɗaya a rufe magana. A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda bai gamsu ba yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara.

Na karanta na gane. Na rubuta ƙarar da hannuna, na kai masa ya sa hannu, ya ƙi. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa. Ya ce idan ya ɗaukaka ƙara za a sake tuɓe shi a gaban mutane, a tambaye shi abin da ba zai iya faɗa ba. Daga nan ya daina fitowa tsakar gida. Ya daina zuwa coci. Ya juya fuskarsa bango, sai ya wuni bai ce da ni uffan ba, 'ya'yansa su shigo gaishe shi ya ja bargo ya rufe kai. Wata ukun nan suka wuce a gaban idona, ina ƙirga su ni kaɗai. Kamfanin ya aiko ya koma aiki, bai koma ba, suka sallame shi.

Abin da ya biyo baya ya fi rashin abinci ciwo. Tunda takarda ta ce lafiyarsa ƙalau, sai mutane suka ɗauki maganar takarda. 'Yan'uwansa suka ce na shagwaɓa shi. Wasu a coci suka ce ya karɓi kuɗi ya kwanta yana ci, mace na ciyar da shi. Ni kuwa na yi masa alkawarin yin shiru, ba ni da bakin kare shi.

Kai ba ka taɓa tambayata komai ba, Baba. Amma kowace safiya kafin in tafi makaranta ina wanke zannuwan gado da ledar katifa, ina shanyawa a igiyar tsakar gida inda kowa ke wucewa. Wata rana na fito da bokiti sai na ga an ɗaura sabuwar igiya a bayan rumbu, inda ba mai gani sai wanda ya zagaya. Kana tsaye kana goge hannu a riga, ka ce, "Malama, rana ta fi bugawa a can." Iyakar abin da ka ce ke nan. Na zagaya bayan rumbun na yi kukan da ban yi ba tun ranar hatsarin. Bayan kwana biyu kuma ka zo da guduma ka fasa dokin ƙofar ɗakinmu, ka kwaɓa siminti ka yi gangare, alhali a lokacin ko keken guragu ba mu saya ba.

Sannan ka fara shiga wurinsa. Kullum bayan la'asar sai ka yi sallama, ko ya amsa ko bai amsa ba ka shiga, ka zauna a bakin ƙofa da ƙwaryar gyaɗa kana ɓarewa. Ba ka yi masa wa'azi, ba ka tambayarsa jiki. Labarin gona kake yi masa, da na birai da suka addabi masara a da, kafin gidaje su kore su. Ya yi makonni bai juyo ba. Na ce maka ka daina wahalar da kanka, ka ce ai gyaɗar dole a ɓare ta a wani wuri. Wata rana ka shigo da injin ban-ruwanka da ya lalace, ka baje shi a tsakar ɗakin, ka shiga kwance shi ta inda ba a kwancewa. Barnabas ya jure iya jurewa, ya kasa, ya juyo ya ce ba nan ake farawa ba, a miƙo masa sifana. Rabona da jin muryarsa da ƙarfi haka har na manta.

Sai da aka shiga wata damina sannan ka ba shi labarinka. Ban kasance a ɗakin ba, shi ya faɗa mini daga baya. Duk zaman da muka yi da kai, abin da muka sani kawai inji ne ya ci hannunka. Ashe lokacin da ake gina Abuja kana saurayi ka bar gona ka shiga aikin wani kamfanin gine-gine, injin kwaɓa siminti da aka cire wa murfi ya kama hannunka, aka yanke shi sama da gwiwa. Kamfanin ya rubuta cewa sakacinka ne, aka ce idan kana da ja ka zo cikin wa'adi kaza. Ba ka je ba. Ka ce wa Barnabas ba ciwo ne ya hana ka ba, kunya ce. Hannun da kake tsarki da shi, shi ya rage maka na cin abinci, sai ka kasa sa shi a akushi ɗaya da mutane. Mahaifiyarka ke ɗaure maka wando kamar yaro. Ka kulle kanka a ɗaki kusan shekara. Ranar da ka yi ƙarfin hali ka je ofishinsu, aka ce lokaci ya wuce, ka juyo ba ka ce komai ba. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya kwashe kayansa ya bar ƙasar.

Barnabas ya ce ka dube shi ka ce, "Ba kuɗin ne ke ci mini rai ba har yau. An rubuta ƙarya a kaina, ni kuma ban buɗe baki na ce ƙarya ce ba. Ni nawa ya wuce. Kai mutanenka suna nan, ofishinsu a buɗe yake."

Ya ce maka ai shi ma nasa wa'adin ya wuce, an fi shekara. Ka ce to a je a ji daga bakinsu.

Haka muka ɗauki shatar mota mu uku muka tafi Abuja. Kai ka tura kekensa daga bakin titi har cikin ofishin, hannu ɗaya a mariƙi, kana tokare ɗaya ɓangaren da ƙugunka don kada ya karkace. Na ce ka bar mini, ka ce in riƙe takardu. Muka sami wata ma'aikaciya mai suna Somto a teburin karɓar baƙi, 'yar ƙabilar Ibo ce amma a Kano ta tashi, Hausarta tas. Ta duba kwamfuta ta ce mu yi haƙuri, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce da nisa, an rufe fayil ɗin. Barnabas ya kama ƙafar kekensa zai juya. Kai kuwa ka matsa kusa da teburin ka ce, "'Yata, wace irin rufewa? Irin ta kabari, ko irin ta ƙofa?"

Ta yi murmushi. Ta ce gaskiya a ƙa'idar asusun akwai wurin da ya ba shugabar kwamitin ƙararraki damar sauraron wanda ya makara, idan ya kawo uzuri mai ƙarfi da shaida. Ta ce ba kasafai ake amincewa ba, kada mu sa rai da yawa. Ta nuna mini yadda ake rubuta roƙon da inda ake miƙa shi.

Na rubuta. Amma saboda alkawarin da na yi wa mijina, abin da na sa kawai shi ne rashin lafiya ce ta hana shi. Amsa ta zo cewa ba a amince ba, domin bayanan asibiti sun nuna an sallame shi tun kafin hukuncin ya fito, ba abin da ya hana shi sa hannu a takarda. Ranar na ce na haƙura. Na faɗa maka haka a gaban Inna Tayyiba, na ce kuɗin mota ma ya ishe mu asara. Ba ka yi mini musu ba. Ka tambaye ni ko a cocinmu babu lauya. Na ce akwai Barista Titus, amma ban taɓa yi masa magana ba. Washegari Lahadi ka saka farar rigarka ka je ka zauna a kan benci a wajen harabar coci har aka tashi daga sujada, ka sa aka nuna maka shi.

Barista Titus ya zo har gida, bai karɓi ko sisi ba. Ya karanta komai, ya ce akwai sauran dama ɗaya: a roƙi kwamitin ya ba Barnabas izinin bayyana a gabansu da kansa. Amma ya ce kada mu yaudari kanmu, in dai ba a faɗi ainihin abin da ya hana shi ba, kuma likita ya tabbatar, amsar ba za ta canja ba. Ya ce ana bukatar rahoton likitan jijiyoyi, da kuma na likitan ƙwaƙwalwa, don halin da ya shiga na kulle kai a ɗaki ciwo ne mai suna, ana kiransa ciwon damuwa, kuma yana hana mutum yin abin da ya san zai amfane shi.

Barnabas ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba inda za shi. Aka koma gidan jiya, ya sake juya fuska bango. Na zaci za ka matsa masa, sai na ga ka koma ɓarar gyaɗarka kamar ba a yi komai ba. Da na yi maka ƙorafi ka ce sirrinsa ne, shi ke da ikon buɗe shi, idan muka fizge daga hannunsa mun ƙara masa wani raunin. Ban san abin da ya juya zuciyarsa ba. Wata safiya dai ya ce in goge masa riga, in tambayi Baba ko yana da sarari.

Kai ka raka shi, ka zauna kusa da shi a layin likitan ƙwaƙwalwa. Barnabas ya ce wani ɗan unguwarmu ya gan ku, ya zo yana tambayar lafiya da ido irin na mai son labari. Ka ce masa, "Mun zo ganin likita." Mutumin ya tsaya yana duban ku ɗaya bayan ɗaya, ya rasa wane ne marar lafiyar, ya wuce.

Ranar zaman kwamiti mutum uku muka tarar a bayan dogon tebur, ta tsakiya mace ce mai furfura, ita ce shugaba. Barista Titus ya gabatar da rahotannin. Shugabar ta ce sun karanta, amma suna so su ji daga bakin mai ƙara: me ya sa ya ce wa likitansu ba shi da wata matsala, kuma me ya sa ya bar wa'adi ya wuce? Barnabas ya fara da Turanci, ya ce ba shi da lafiya ne. Ta ce wannan sun riga sun ji. Ya dubi matar, ya dubi magatakardar da ke rubutu, ita ma mace, ya sunkuyar da kai. Na ga gumi na bin wuyansa. Ɗaya daga cikin mazan kwamitin ya fara haɗa takardunsa.

Ka miƙe daga kujerar baya ka nemi izinin magana. Shugabar ta ce ka yi haƙuri Baba, mai ƙara da lauyansa kaɗai ke magana a nan. Ka ce to. Sai ka tako gaba, ka zare allurar da ke kafaɗarka da haƙori, ka naɗe hannun rigar har sama, dungulmin ya fito fili, da tabon ɗinkinsa duk a tattare. Duk shekarun da na yi a gidanka ban taɓa ganinsa ba, ko a gona a rufe yake. Ka ja kujera ka zauna dab da keken Barnabas, ka ɗora hannunka mai lafiya a gwiwarsa, ka kalli gaba. 

Barnabas ya daɗe yana kallon dungulmin nan. Sannan ya ɗago kai, ya bar Turanci ya koma Hausa.

"Ranki ya daɗe, ƙarya na yi wa likitanku. Tun ranar da injin ya danne ni ba na iya riƙe fitsari. Yanzu haka da nake gabanku akwai ƙunzugu a jikina irin na jarirai. Matata ke wanke ni. Na gwammace a ce ni malalaci ne da a san wannan. Da takardarku ta zo na san ba daidai ba ce, amma a lokacin ba ƙara nake tunani ba, tunanin yadda zan mutu in huta nake yi. Ban zo da wuri ba don ban iya ba. Yau na iya."

Shugabar ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce da shi ta gode, ta san abin da faɗin wannan ya ci masa. Suka ce mu jira a waje. Kafin mu fita ka saki hannun rigarka, ka miƙo mini allurar in soke maka. Wannan ne karo na farko da ka nemi in taimaka maka da wani abu.

Sun amince su saurari ƙarar. Aka sake duba shi, wannan karon bai ɓoye komai ba. Hukunci na biyu ya ce naƙasar ta dindindin ce, za a riƙa biyansa duk wata, a kuma ɗauki nauyin magani da kayan da yake bukata. Amma sun ƙi biyan na tsawon lokacin da aka yi kafin ya kawo ƙara. Na ji haushin wannan ƙwarai, don a lokacin ne muka sayar da keken ɗinkina muka cire babbar 'yarmu daga makarantar kwana. Barista Titus ya ce ana iya zuwa kotu, amma zai ɗauki shekaru, Barnabas kuma ya ce ya gaji. Muka bar shi haka.

Da na kawo takardar gida ka ce in fassara maka. Na karanta har ƙarshe, ka ce in koma wurin da suka ce sun yi kuskure. Na ce ba su ce sun yi kuskure ba, cewa suka yi an sake nazari. Ka yi dariya har da buga ƙafa, ka ce haka manya ke ba da haƙuri. Sannan ka karɓi takardar ka riƙe ta, kai da ba ka karanta boko, ka daɗe kana kallonta. Na roƙi Barista Titus ya bincika ko akwai abin da za a iya yi a kan naka. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya dawo ya ce babu kamfanin, babu magajinsa, babu ko fayil. Da na faɗa maka ka ce ai ka sani, in daina ɓata wa bawan Allah lokaci.

Barnabas bai warke ba, kuma ba zai warke ba. Har yanzu akwai ranakun da ba ya son ganin kowa. Amma ya koma cikin mawaƙa a coci, yana waƙa daga kan kekensa, kuma ya buɗe wurin gyaran janareta da injin ban-ruwa a rumfar da ka ba shi a ƙofar gida. Ranar jana'izarka ya ce sai an kai shi maƙabarta. Ɗanka Abubakar ya tura shi cikin taɓo har can. Barnabas ya tsaya daga gefe har aka gama rufe ka, aka watse, shi yana nan.

Ranar addu'ar uku, ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, wani mutum ya sauka daga babur, idonsa ɗaya a rufe da auduga. Ya ce sunansa Auwal, daga Zuma yake. Tartsatsin ƙarfe ne ya fasa masa ido a wurin aiki, an ce masa lokacin ƙara ya wuce, sai wani ya ce ya zo Maje ya nemi wani tsoho mai hannu ɗaya. Bai san zaman makokin wa ya tarar ba. Da aka faɗa masa ya yi salati, ya yi ta'aziyya, ya juya zai hau babur ɗinsa. Barnabas ya kira shi. Ya ce masa shi ba lauya ba ne, kuma ba zai yi masa alkawarin nasara ba, amma ya san hanyar ofishin, ya san wadda za a tambaya. Makon jiya suka je tare, Auwal na tura keke. An ce su rubuto uzurinsu. Ba mu san yadda za ta kaya ba. Jiya da yamma na gan su a rumfa, Auwal na magana ƙasa-ƙasa, Barnabas ya ajiye sifana yana saurare.

Baba, ni Kirista ce, kai Musulmi, kuma ba ka taɓa sa na ji wannan ya zama katanga tsakaninmu ba. Da bakin da na iya nake roƙon Allah Mai jinƙai, wanda ya ga abin da ka yi a ɓoye da wanda ka yi a fili, Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka rufa mana asiri a ranar da ba mu da mai rufa mana, Allah Ya rufa maka naka. Haƙƙinka da ba ka samu a hannun mutane ba, Allah Ya biya ka shi cikakke a wurinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta mijina da 'ya'yanmu, ga Inna Tayyiba, wadda ta rasa abokin zama, da 'ya'yansa Abubakar da Sadiya da Nafisa, da jikokinsa, da 'yan'uwana 'yan haya, da dukan mutanen Maje. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu ma da muke karɓar gaisuwa tare da ku, a yi mana addu'a, don mu ma uba muka rasa.

Esta Barnabas
Maje, Suleja